Filin Manoma: Canjin Man Aksul Kafin Jigilar Kaka

Damina ta kusa ɗaukewa. Gero ya shiga rumbu a wurare da yawa, masara da shinkafa da wake kuma suna jiran a kwashe su daga gona zuwa kasuwa. A irin wannan lokaci ba abin da ya kai mota amfani ga manomi da ɗan kasuwa, musamman a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, irin su Toyota Hilux da Land Cruiser, waɗanda ke shiga inda babbar mota ba ta iya shiga. To, akwai wani mai a jikin irin wannan mota wanda galibin masu ita ba su tunawa da shi sai ran da ya jawo musu hasara, watau man aksul. Kowa ya san baƙin man inji, gama akwai sandar awonsa, akwai kuma fitilar da ke kamawa a gaban direba in ya gaza. Man aksul kuwa ba shi da sanda, ba shi da fitila. Yana can ƙarƙashin mota cikin tukunyar ƙarfe, ba mai ganinsa sai wanda ya kwanta ƙasa ya kwance noti. Motar da ta yi damina tana ratsa rafi da fadama, lalle ne a duba mata wannan mai tun ba a ɗora mata buhun farko ba.

Aikin Tukunyar Aksul

In mutum ya duƙa ya leƙa tsakanin ƙafafun baya na a-kori-kura, zai ga wani dogon ƙarfe ya taho daga wannan ƙafa zuwa waccan, da wani kumburi a tsakiyarsa kamar an kifa tukunya. Dogon ƙarfen shi ne aksul. Kumburin kuwa shi ne gidan haƙoran da kanikawa ke kira difaranshal. A nan za a riƙa ce masa tukunyar aksul.

Aikinta iri uku ne. Na fari, ƙarfin inji yana tahowa ne ta farfela, wadda ta miƙe daga gaba zuwa baya, ƙafafu kuwa suna gefe da gefe. Tukunyar ce ke karkata ƙarfin ta raba shi dama da hagu. Na biyu, tana rage gudu ta ƙara ƙarfi. A cikinta akwai wani babban faifai mai haƙora da wani ƙarami da ke juya shi, kanikawa suna ce musu kuraun da finiyan. A motoci da yawa babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, saboda haka sai farfela ta juya sau 4 da ɗan ɗoriya kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Mota tana gudun kilomita 80 a sa'a ɗaya, wannan ƙaramin yana juyawa fiye da sau 2,000 a cikin minti guda.

Na uku shi ne wanda duk mai shanun huɗa ya sani. Sa'ad da aka kai ƙarshen kuyya za a juyo, san da ke waje sai ya ɗaga ƙafa ya yi zagaye mai faɗi, na ciki kuwa ya riƙa takawa a wuri ɗaya yana jiransa. Haka ƙafafun mota suke a kan kwana. Tsakanin ƙafar dama da ta hagu akwai misalin mita ɗaya da rabi, don haka in mota ta zagaya sau guda ta komo inda ta tashi, ƙafar waje ta fi ta ciki tafiya da fiye da mita 9. Da a ce sanda ɗaya ta ɗaure su, da tilas ɗaya ta riƙa gurzar ƙasa. Waɗansu ƙananan haƙora da ke cikin tukunyar su ne ke bari kowace ƙafa ta yi nata gudun alhali duka biyu suna ja.

Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da irin wannan tukunya guda biyu, ɗaya a baya, ɗaya a gaba. Har wa yau tana da wani akwati a bayan giyabos wanda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Ko wanne daga cikin ukun nan yana da nasa mai dabam, ba ruwan wani da wani. Wanda ya canza na baya kaɗai bai yi ko rabin aikin ba.

Dalilin Da Ya Sa Mansa Ya Yi Dabam

Wajen shekarar 1926 kamfanin Packard na Amurka ya fara sa wa motocinsa wani sabon yankan haƙora, inda ƙaramin ke cizon babban a ƙasa da tsakiyarsa. Wannan yanka ya fi ƙarfi, ya fi rashin ƙara, shi ne kuwa ake amfani da shi a kusan kowace a-kori-kura ta zamanin nan. Amma yana da nasa hali. Haƙoran suna danne juna, suna kuma gogar juna a lokaci guda, kamar yadda ɗan dutsen niƙa ke gogar uwarsa. Mai na yau da kullum ba ya iya tsayawa tsakaninsu, matse shi suke yi ya fice, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

Don haka ake zuba wa man aksul magunguna na musamman, galibi masu farar wuta da sinadarin nan fosfaras wanda manoma suka sani a takin sufa. In wuri ya yi zafi, magungunan sai su kama fuskar ƙarfen su yi mata wata 'yar riga, rigar ce ke cinyewa maimakon haƙori. Farar wutar nan ita ce ke ba man giya warin nan nasa mai hawa kai. Kullum mota tana aiki magungunan suna raguwa, zafi yana dafa man, garin ƙarfe yana taruwa a cikinsa, ga shi tukunyar ba ta da matata kamar yadda inji yake da ita. Abin da ya shiga yana nan yana zagayawa har ran da aka zubar.

Yadda Ruwa Ke Shiga

Babban abokin gaban man aksul a ƙasar noma shi ne ruwa. A saman aksul akwai wani ɗan ƙarfe kamar kan yatsa mai 'yar hula, shi ne hancin da tukunyar ke numfashi da shi. In mai ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura, ta nan take fita. To, a ce mota ta taho tafiyar sa'a biyu da kaya, aksul ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa, sa'an nan ta faɗa cikin rafi a watan Agusta. Nan take ƙarfen ya huce, iskar ciki ta tsuke, tukunyar ta nemi abin da za ta zuƙa. In ruwa ya rufe ta, ruwan za ta zuƙa, im ma ta hancin, im ma ta bakin robar da ke tare mai a gindin ƙafa da gindin farfela, wadda ake kira sil. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sil ɗin da ya tsufa kuwa tsagaggen bango ne.

Ba sai ruwa ya kai ƙofar mota ba. Da ya rufe tsakiyar taya, ya riga ya kai aksul. Motar da ta kafe a fadama ta kwana cikin ruwa, ko wadda ake shiga da ita kogi don wanki, duk hukuncinsu ɗaya. Da haƙora sun kaɗa mai da ruwa tare, sai su zama wani abu fari-fari kamar shayi da madara, wanda ba ya iya tsare ƙarfe. In mota ta tsaya kwana biyu, tsatsa ta kama boris da haƙoran da ke sama. Mai ita ba zai ga kome ba a lokacin. Sai kaka ta yi, an ɗora buhuna an hau kwalta za a Dawanau ko Saminaka, sa'an nan kuka ya tashi a baya.

Yaushe Za A Canza

Littafin da kamfani ya bayar tare da mota shi ne alƙali. Yawancin littattafan suna ambaton tsakanin kilomita 40,000 da 100,000, gwargwadon irin mota da irin aikinta. Dukansu kuwa sun ware abin da suke kira aiki mai tsanani: ɗaukar kaya mai nauyi, jan tirela, bin hanyar ƙura da laka. Motar gona ba ta da wani aiki sai wannan, don haka ƙaramin lissafin shi ne nata. Ban da wannan, duk ran da ruwa ya rufe aksul, a duba man cikin kwana ɗaya ko biyu, kome ƙanƙantar tafiyar da ya yi. Wanda ya sayi mota ta hannu kuma, ya canza duka ukun tun makon farko, gama bai san abin da na gabansa ya zuba ba.

Akwai alamun da ke nuna lokaci ya riga ya ƙure. In ana jin wani kuka siriri daga baya wanda ke ƙaruwa in an taka totur, ya sāke murya in an ɗaga ƙafa, galibi haƙoran aksul ne. In an ga jiƙar mai a gindin farfela, ko a cikin taya ta baya, sil ya mutu, man yana raguwa ke nan. Wanda ke tsiyaya a gindin ƙafa ya fi haɗari, domin yana shiga gangar birki ya jiƙa ta, birkin wannan ƙafa ya daina kamawa sosai. Sabon mai ba ya warkar da haƙorin da ya riga ya ci, amma yana tsai da ɓarnar in an yi hanzari.

Irin Man Da Za A Saya

A jikin kowane galan na man giya akwai rubutu iri biyu da ya kamata mai saye ya karanta. Na fari shi ne darajar man, wadda wata ƙungiyar masu harkar man fetur ta Amurka mai suna API ta tsara. Na tukunyar aksul shi ne GL-5. Akwai GL-4, wanda magungunansa ba su kai na GL-5 yawa ba, shi an fi sa shi a giyabos, domin akwai zobban tagulla a ciki waɗanda ba su cika shiri da yawan farar wuta ba. Kada a musanya su sai littafin mota ya yarda.

Na biyu shi ne kauri, kamar 80W-90, ko 85W-90, ko 85W-140. Sababbin motoci da yawa suna neman mai tsinkakke kamar 75W-85. Lambar man giya da ta man inji ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba: man giya mai lamba 90 kaurinsa kusan ɗaya ne da man inji mai lamba 40 ko 50. Wannan ne ke ruɗin waɗansu su ɗura baƙin man inji a aksul, suna cewa ai duk mai mai ne. Kaurin ya yi kama, amma magungunan babu, haƙoran kuwa ba za su daɗe ba.

Waɗansu motocin suna da wata irin tukunya a baya mai faranti a ciki kamar na kuloci, don in ƙafa ɗaya ta faɗa taɓo ɗayar ta ci gaba da ja. Sau da yawa akan manna takarda kusa da matoshin mai haruffa LSD. Irin wannan sai da man da aka rubuta wa LS ko LSD a jikin galan. In aka sa mata wani, za a ji tana kakkarwa tana ƙara a kan kwana.

Game da yawa, tukunyar baya takan ci tsakanin lita 2 da 4, ta gaba tsakanin lita 1 da 3, akwatin raba ƙarfi kuma lita 1 zuwa 2. A sayi mai a rufe da hatiminsa a wurin dillalin da aka sani. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba mai iya shaidar asalinsa, araha kuwa ba ta ado.

Kayan Aiki

Ana bukatar sifana daidai da kan matoshi. A Toyota da yawa lamba 24 ce a baya, a gaba kuma wani matoshin rami gare shi mai kusurwa shida, sai da mabuɗin da ke shiga ciki. Sifana mai zobe ko soket ta fi, gama mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan noti. Sai sababbin washa, biyu ga kowace tukunya, da daro mai faɗi wanda ba za a ƙara cin abinci a cikinsa ba, da tsummoki, da buroshin waya. Sai kuma abin ɗura mai. Ramin yana gefe, ba a iya kifa galan a kansa, don haka a nemi ɗan famfon hannu, ko babban sirinji, ko tiyo mai tsawon mita biyu da mazurari.

Yadda Ake Yi

Na ɗaya, a ɗan zagaya da motar kamar minti 10 ko 15 don man ya yi ɗumi ya tsinke, dattin da ya kwanta kuma ya tashi. In daga doguwar tafiya ta komo, a bar ta ta huce, gama mai da salansa duka suna ƙuna.

Na biyu, a tsai da ita a wuri mai daidai, ba gangare ba tudu. Wannan wajibi ne, domin ramin ɗuri shi ne ma'aunin mai, in mota ta karkace awon ya ɓaci. A kashe inji, a cire mabuɗi a sa aljihu, a ja birkin hannu, a sa giya, a tokare ƙafafu da duwatsu ko katako gaba da baya. Galibin a-kori-kura suna da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinsu ba tare da an ɗaga su ba. In tilas sai an ɗaga, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa mata matokara na ƙarfe, a ɗaga gaba da baya daidai.

Na uku, a kankare laka da ƙura daga kewayen matosai biyun, na sama da ke gefen tukunya da na ƙasa da ke gindinta. Yashi ƙwaya kaɗan in ya faɗa ciki ya isa ya ɓata boris.

Na huɗu, a fara kwance matoshin sama. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a aikin. Matoshin sama yakan ci tsatsa ya ƙi motsi. Wanda ya fara zubar da mai, sa'an nan na sama ya gagare shi, ya zauna ke nan da mota ba mai, ba hanyar ɗura wani, ba kuma halin tuƙa ta zuwa wurin bakanike. Amma in na saman ya gagara tun da fari, ba a yi hasarar kome ba, sai a tuƙa ta a kai gareji. Da ya buɗe, a sa ɗan yatsa a ji inda tsohon man ya tsaya. In yatsa bai taɓa mai ba, akwai inda yake tsiyaya, sai an nemo wurin.

Na biyar, a kara daro, a kwance matoshin ƙasa. A ƙarshe a riƙa juya shi da yatsu ana danna shi sama, sa'an nan a janye hannu da sauri. A bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo, kamar minti 15.

Na shida, a duba matoshin ƙasa. A kansa akwai maganaɗisu mai kama garin ƙarfe. In abin da ya kama laushi gare shi kamar kwalli, in an murza a yatsu ba a jin tsini, wannan cin yau da gobe ne, ba kome. In kuwa akwai ɓarɓashi mai ƙyalli kamar tsakin dawa, ko guntun haƙori, to ɓarna ta soma, a nuna wa bakanike kafin a ɗora kaya. A goge matoshin tas, a sa sabuwar washa, a mayar da hannu tukuna don kada zaren ya hau karkace, kana a ɗaure da sifana. A Toyota da yawa awon ɗaurin matoshin baya 49 ne a ma'aunin sifana mai awo. Wanda ba shi da ita ya ɗaure da ƙarfin hannu ɗaya. Kada a sa bututu a ƙara wa sifana tsawo, kada kuma a taka ta da ƙafa.

Na bakwai, a ɗura sabon mai ta ramin sama a hankali. Mai amfani da tiyo ya sa bakinsa a ramin, yaron mota ya tsaya a gefe ya ɗaga mazurari sama da taya yana zubawa kaɗan kaɗan. In an ajiye galan a rana tun da fari, man zai fi saurin gudu. Sa'ad da ya soma dawowa ta bakin ramin, ya cika ke nan. A dakata rarar ta zube, a sa sabuwar washa, a ɗaure. Kada a yi dabarar karkata mota don a ƙara cusa mai. In ya yi yawa kumfa yake yi, ya yi zafi, ya tura sil ya fito.

Na takwas, a goge jikin tukunyar ƙal, a yi 'yar tafiya, a sāke leƙawa. Washegari ma a duba ƙasan inda ta kwana ko akwai ɗigo.

Haka za a yi wa tukunyar gaba, sai dai a mafi yawan motoci sai an fara cire farantin ƙarfen da ke kāre ƙasan inji. Gidan tukunyar gaba da na akwatin raba ƙarfi sau da yawa na sanholo ne ko goran ruwa, zarensu ba ya jure ɗaurin ganganci. Akwatin raba ƙarfi kuma ba kullum yake shan mai iri ɗaya da aksul ba, waɗansu motocin mai tsinkakke ƙwarai suke so, sai a duba littafi. Akwai kuma motoci, galibi ƙirar Amurka, waɗanda tukunyarsu ba ta da matoshin ƙasa. Su sai an kwance murfin baya, a bar noti ɗaya na sama a sassauce don ya riƙe shi, a ɓamɓare gindin mai ya zuba, a kankare tsohon gasket, a sa sabo.

In An Tarar Da Ruwa

In man ya fito fari-fari ko ruwan ƙasa mai kauri kamar kunu, ruwa ya shiga. In mota ta kwana a tsaye, ruwan yakan kwanta a ƙasa, shi ne zai fara fitowa da an sassauta matoshi. Mai shakka ya ɗiga ɗan man a kan ƙarfe mai zafi: mai tsabta hayaƙi kawai zai yi, mai ruwa kuwa sai ya yi ta tartsatsi. Zubarwa sau ɗaya ba ta fitar da shi duka, domin saura yana maƙalewa cikin hannuwan aksul. A ɗura sabo, a yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu ba kaya, a zubar, a sāke ɗura wani. Kada a wanke ciki da fetur ko kananzir, gama abin da ya rage zai tsinka sabon man.

Daga nan a koma kan hancin nan na saman aksul. A juya hularsa da yatsa, in ta ƙi motsi laka ta toshe shi. Toshewarsa na sa iska ta rasa mafita ta tura mai ta sil, mutum ya yi ta canza sil bai san dalili ba. A kwance shi a wanke, ko a sayi sabo, ba shi da tsada. Mai motar da hanyarsa ba ta rabuwa da ruwa, kamar masu noman shinkafa a fadamun Haɗeja da na Kebbi, ya sa bakanike ya cire hular ya haɗa doguwar tiyo, a ja ta sama a ɗaure a wurin da ruwa ba ya kaiwa, a bar mata sassauci don aksul yana hawa yana sauka. Direba kuma in ya iso bakin rafi bayan doguwar tafiya, ya dakata kaɗan ƙarfe ya sha iska kafin ya shiga.

Waɗansu Gargaɗi

Tsohon mai guba ne. Kada a zubar da shi a gona, ko kusa da rijiya, ko a magudanar da ke gangarawa fadama. Kada a shafa wa dabba shi don kaska ko ƙurji kamar yadda waɗansu ke yi, gama tana lasa, yana kuma shiga fata. A zuba shi a galan ɗin da aka juye, a rufe, a rubuta a jiki, a kai wa masu gareji. Kada a sa shi a jarkar man gyada ko ta ruwan sha.

Mai tarakta ya lura. Taraktoci da yawa, irin su Massey Ferguson, mai ɗaya ne ke yi wa giya da aksul da na'urar ɗaga garma aiki, waɗansu har birkinsu a cikin man yake. Su nasu man dabam ne, kada a zuba musu ragowar na a-kori-kura.

A galibin waɗannan motoci giyar ƙafa huɗu ta yashi da taɓo ce. In aka bar ta a kan busasshiyar kwalta, gaba da baya sai su riƙa ja-in-ja, haƙora da taya su sha wuya. Amma kuma kada a bar ta wata da watanni ba a taɓa ba. Littafin Toyota ya ce a yi tafiyar kilomita 16 da ita kowane wata, don mai ya wanke haƙoran gaba. A yi wannan a hanyar burji. Tayoyi huɗun kuma su zama girma ɗaya, in ba haka ba ƙananan haƙoran za su yi ta aiki kamar kullum mota a kan kwana take.

Sai maganar lodi. An yi Hilux don kayan da bai wuce misalin tan ɗaya ba, watau buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Kowane buhu da aka ƙara a kan wannan, boris da haƙoran baya ne ke ɗaukarsa, man kuma ya ƙara zafi ya mutu da wuri.

A ƙarshe, a rubuta. Akawun ƙungiyar manoma, ko malamin da ke riƙe da littafin motocin ofis, ko ɗan mai motar da ke makaranta, ya buɗe shafi ya sa kwanan wata, da lambar kilomita da ke kan agogon mota, da irin man da aka zuba, da tukunyar da aka yi wa, da abin da aka gani a kan maganaɗisu. Direbobi suna sauyawa, littafi kuwa yana nan. Aikin duka bai wuce sa'a biyu ba, kuɗinsa na 'yan litocin mai ne da washa. Kuraun da finiyan kuwa tare ake sayensu, sai ƙwararren bakanike ke iya daidaita cizonsu, mota kuma ta yi kwanaki a gareji daidai lokacin da hatsi ke zube a masussuka, kuɗin haya ya hau. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai mota ya sami safiya guda a makon nan ya shimfiɗa buhu ya leƙa ƙarƙashinta. Allah ya sa a kwashe amfani lafiya, amin.